Yaron Alfadarai

Yaron bai yi wa kowa komai ba. Wannan ne abin da har yau, da furfurata da ciwon gwiwata, na kasa haɗiyewa. A cikin wani littafin yaƙi na san shi, littafin Turanci da na saya a bakin titi a Katsina, wurin wani mai baza tsofaffin takardu a kan buhu. Bangon ya yage tun kafin ya zo hannuna, saboda haka ban san sunan littafin ba, ban kuma san wanda ya rubuta shi ba. Na tsufa ina jin haushin mutumin da ko sunansa ban sani ba. Na gaji da haushin, shi ne dai ya ƙi sakina.

A lokacin ni malamin dabbobi ne, sabon ɗauka, an turo ni Safana. 'Yan shekaru ke nan da gama yaƙin ƙasarmu, rediyo kuma ba ta da zance sai arzikin man fetur. Mu dai abin da ya iso hannunmu daga arzikin nan shi ne babur ɗin gwamnati da akwatin ƙanƙara da ake ɗaure masa a baya. Aikina in bi rugage in yi wa shanu allurar rigakafi, in tsaga kunnen wadda aka yi wa domin a gane ta. Wanda bai taɓa yi ba zai zaci allurar ce wahala, alhali jira ne. Ka ce wa makiyayi da hantsi, ya ce maka to, ya iso bayan azahar yana tambayarka ko ka daɗe. Saboda wannan jiran nake yawo da littafin a jakata, tare da wani ɗan ƙamus. Turancina na makarantar koyon aiki ne, ya san sunayen tsutsar ciki da na kaska, amma da an shiga zancen tsaunuka da bindigogi sai ya fara ɗingishi. Shafi biyu ko uku nake ci a yini.

Labarin wani yaƙi ne a wata ƙasa mai sanyi da duwatsu, tsakanin mutanen da har na gama littafin ban gane abin da ya haɗa su faɗa ba. Gwarzon littafin wani matashin hafsa ne da ba shi da aiki sai rubuta wa wata mata wasiƙa yana jin tausayin kansa. Shi bai dame ni ba. Wanda ya shiga raina wani yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai, da aka ɗebo daga gonar ubansa saboda ya iya dabbobi, aka damƙa masa alfadarai shida masu hawa da gari da harsashi kan dutse. Ko bindiga ba a ba shi ba. Jefi-jefi yake fitowa, ya gyara wa wannan kaya, ya duba kofaton waccan, hafsoshi su daka masa tsawa, ya koma. Ni kuwa da na ga ya fito sai in gyara zama.

A wata ruga kusa da Babban Duhu na haɗu da dattijon da wannan labari ya shafa. Dogo ne, siriri, magana tana yi masa wuya. Ranar allura kowa garkensa yake korowa gaba ɗaya, shi kuwa sai ya raba nasa biyu, ya tsaya a tsakani da sandarsa.

"Likita," ya ce da ni, don haka suke kirana, "waɗanga nawa ne. Waɗancan na yaron ne. Hwara da nashi."

Na ce to ina yaron, ya zo ya riƙe mana su. Kowa ya ci gaba da aikinsa. Sai da aka gama, ina wanke sirinji, babban ɗan dattijon, magidanci mai 'ya'ya uku, ya matso ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Ƙanensa ne ake nufi. Lokacin yaƙi yaron ya zo cin kasuwar Batsari, ya ji ana ɗaukar soja a Katsina, ya faɗa mota ko sallama bai yi ba. Wasiƙa ɗaya ta zo. Daga nan shiru. Yaƙi ya ƙare, masu dawowa suka dawo, wasu da ƙafa ɗaya, ba wanda ya ce ya gan shi a raye, ba kuma wanda ya ce ya ga gawarsa.

Su makiyaya a al'adarsu ranar suna uba yakan ware wa jariri karsana. Duk abin da ta haifa, da abin da 'ya'yanta suka haifa, na yaron ne. Ana shan nonon a gida, amma ba mai sayarwa ko yankawa sai da izininsa. Karsanar wannan yaro ta yi albarka, zuriyarta ta kai kusan rabin garken. Liman ya yi wa dattijon magana, 'yan'uwansa sun yi, an ce ya je gaban alƙali a yanke hukunci a raba gado, ya ƙi. Amsarsa ɗaya ce kullum: mai shanu bai ce a sayar ba. Kowace ranar kasuwa kuma sai ya hau jakinsa ya zo Batsari, ko yana da abin saye ko ba shi da shi, ya tsaya inda motocin Katsina ke sauke fasinja har la'asar.

A can muka saba. Ni ma ranar kasuwa ina Batsari, ina duba dabbobin da aka kawo kara, inda ake cinikin shanu. In rana ta take sai in fake a inuwar wata tsamiya da ke kallon tashar, in buɗe littafina. Wata rana ya zo ya tsuguna kusa da ni. Muka gaisa, irin gaisuwar da sai an tambayi gida da iyali da shanu da gajiya da ruwan da bai zo ba. Sannan ya zaro wani ɗan ƙunshin fata daga aljihunsa, ya kwance, ya miƙo mini wasiƙar ya ce in karanta masa. Ta yi laushi don yawan taɓawa. Layi huɗu ne, da gani wani ne ya rubuta wa yaron: yana gaida kowa, yana lafiya, abinci ba laifi, a kula masa da shanunsa. Ina karantawa leɓɓan dattijon suna riga ni isa ƙarshen kowane layi. Ya karɓa, ya naɗe, sannan ya nuna littafina da haɓa.

"Kai kuma mi ke cikin wagga takarda da kullum kake kallo?"

Na ce labarin yaƙi ne. Da na faɗa na yi da-na-sani, amma fuskarsa ba ta nuna komai ba. Don in kauce wa zancen harbe-harbe sai na ɗauko masa na yaron alfadarai. Na gaya masa yadda suka iso wani rafi bayan tafiyar yini guda, sojoji suka faɗa wa ruwa, shi kuwa ya tsaya sai da ya sauke wa dabbobinsa kaya, ya bari guminsu ya bushe, ya shayar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sha.

"Ɗan mutane ne," in ji dattijon. "An koya mai a gida."

Daga ranar yaron ya shiga cikin gaisuwarmu. Kowace kasuwa, bayan ya tambayi mutanen gidana, sai ya ce, "Ina yaron alhwadarai, shina lahiya?" Ni kuma in ba shi abin da na karanta a makon. Ba ya son jin hafsan nan da wasiƙunsa, da na fara sai ya juya yana kallon motoci. Amma in yaron ne, har gyara yake yi masa. Da na ce wata alfadara ta yi gyambo a baya, yaron ya shafa mata man inji, ransa ya ɓaci, ya ce ai man shanu ake sa wa, ko ba su da man shanu a ƙasar tasu? Na ce yaƙi ake yi, Baffa. Ya ce haka ne fa, yaƙi ake yi. Wata rana kuma ya tambaye ni ko an ba yaron bargo, tunda na ce ƙasar da sanyi. Littafin bai faɗa ba, amma na ce an ba shi.

Kada a ce ban gaya masa ba. Tun farko na ce masa labarin ƙagagge ne, irin tatsuniya ce ta Turawa. Ya yi mini murmushin da babba ke yi wa yaron da ke neman yi masa wayo. A wurinsa tatsuniya abin da tsofaffin mata ke faɗa wa jikoki ne, ba mai ɓata tawada a kanta. Rubutun da ya sani a duniya bai wuce na allo, da takardar alƙali, da rasiɗin jangali, harajin shanu, ba, sai kuma wasiƙar da ke aljihunsa, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa yi masa ƙarya. Abin da mutum ya zauna ya rubuta, har aka buga shi da inji, to ya faru. Na gwada sau biyu, na ga ba riba, na ƙyale shi. In zan faɗi gaskiya ma daɗi nake ji, don ban taɓa samun wanda ya ɗauki karatuna da muhimmanci haka ba. Abokan aikina in sun gan ni da littafi cewa suke na fiye iyayi.

Damina biyu a jere ta yi gardama. Kafin bazara ta kankama ciyawa ta ƙare ƙarƙaf, har a bakin dajin Rugu. Makiyaya suna hawa gawo da marke suna sassaro rassa, shanu na jira a ƙasa. Aikina ya koma duba mushe da waɗanda suka kusa zama mushe. Saniya ta kwanta ta kasa tashi, a zura mata sanda a ƙarƙashin ciki, mutum huɗu su ɗaga, ta tsaya ƙafafu na rawa, gobe ta sake kwanciya. Wadda ta kai haka, mahauta ma sai an roƙe su suke saye. Na rubuta wa ofishinmu takarda uku ina neman a turo abincin dabbobi, aka turo mini sababbin fom na cikewa. Masu wayo dai sun sayar da nasu tun da sauran tsoka, suka sayi hatsi suka ajiye.

Dattijon ma ya sayar, amma nasa. Ɗaya bayan ɗaya yake kawo su kara, ya sayi dusa da harawa, ya koma ya zuba wa na yaron. Gidansa kuwa an koma tuwo sau ɗaya a yini. Babban ɗan ya tare ni a hanya wata rana, ya riƙe kan babur ɗina.

"Likita, kai shina jin maganarka. In aka ƙara wata guda nashi sun ƙare, na ƙanena kuma su mutu a tsaye, mu tashi ba shanu ba hatsi. Wallahi ni ba gado nike nema ba. Ɗiyana nike dubawa."

Na je na yi magana. Na yi ta lallashi, na yi ta ilimi, na buɗe bakin wata saniya na nuna masa dasashinta fari fat. Ya saurara kamar ina ba shi labarin garken wani. Daga ƙarshe raina ya ɓaci, na ɗaga murya ga mutumin da a haife ya haife ni, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce masa jikokinsa suna kwana da yunwa saboda mutumin da shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya bari na gama tsaf.

"Likita, in ya dawo ya ce ina shanuna, kai za ka tsaya ka ba shi amsa?"

Na hau babur na tafi, ko sallamar kirki ban yi ba.

A cikin wannan makon na iso wurin da har yau na kasa haɗiyewa a littafin. Da rana ne, ina kwance a ɗakina a Safana, zafi ya hana fita. A labarin, wata asuba kafin gari ya gama wayewa, wata alfadara ta tsinke igiya ta gangara ƙasan dutse. Yaron ya bi ta, don ya san in ta ɓata shi za a doka. Yana hawowa, wani mai gadi na ɓangarensu ya ga motsi, bai tambaya ba, ya harba. Layi ɗaya da rabi ke nan. Na ɗauka ƙamus ne ya yaudare ni, na sake duba kalmar, na sake karantawa. A layi na gaba hafsoshi suna karin kumallo, ɗaya yana mitar shayi ya huce. Alfadarar ta dawo da kanta tana jan guntun igiya.

Na yi jifa da littafin ya bugi bango. Can na tashi na ɗauko, don na ce lallai a gaba za a yi wani abu, ko a hukunta mai gadin, ko a haƙa kabari, ko hafsan nan mai yawan rubutu ya rubuta wa uban yaron layi biyu. Ni da nake cin shafi uku a yini, a kwana huɗu na cinye sauran littafin. Sau ɗaya aka sake ambatonsa, inda wani saja ke tambayar wa zai riƙa jan dabbobin yanzu. Hafsan kuwa ya tsira, ya auri matar da yake rubuta wa wasiƙa. Na gane abin da marubucin yake so in gane, ni ba jahili ba ne. So yake ya nuna mini yaƙi ba ya tambayar mai laifi da marar laifi, kuma talaka haka yake faɗuwa ba a waiwaye shi ba. To ai na riga na sani, a nan na girma. Ba sai an kashe mini yaro an nuna mini ba. Mutum ya zauna a kan kujera, ya ƙera yaro mai hankali, ya sa na so shi, sannan ya yar da shi a gefen hanya don ya koya mini darasi. Da mai mugunta ne aka harbe, ko mai ɗauke da bindiga, da na ce abin da ya je nema ke nan. Shi kuwa yaron nan dabba ya je kamowa.

Ranar kasuwa dattijon ya zo gindin tsamiya ya gaishe ni kamar ban taɓa yi masa tsawa ba, abin da ya fi zagi ciwo. Da ya ce, "Shina lahiya?" sai na ji bakina ya ce yana lafiya, Baffa, suna nan kan dutsen. Kasuwa biyu na yi ina wannan ƙarya. Har na ƙaga masa cewa yaron ya samo man shanu a wani ƙauye, gyambon ya warke. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ai dama ya faɗa.

A kasuwa ta biyun ne na ga ya kawo saniyar tatsarsa ta ƙarshe. Ina kallonsa yana ɗaure buhun dusa a kan jaki, sai wani tunani ya zo mini, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni na kawo abina. Mutumin nan bai ji liman ba, bai ji ɗansa ba, bai ji ni ba, amma yana jin takarda. Ga shi kuma a jakata ina da yaro sa'an ɗansa, mai kula da dabbobi, wanda ya tafi yaƙi ya mutu ba wanda ya kai labari gida. Kwana biyu ina juya abin. Na tsara yadda zan faɗa, da inda zan dakata, da inda zan yi shiru, kamar yadda nake jera kayan allura kafin a koro garke.

Na same shi da hantsi a gindin wani gawo, yana tsince 'ya'yan da suka zubo a ƙwarya don ya kai wa shanu. Muka gaisa. Ban jira ya tambaya ba. Na fito da littafin don ya gan shi a hannuna, na buɗe daidai wurin, na ce, "Baffa, yaron nan Allah ya yi masa rasuwa."

Ya ajiye ƙwaryar. Ya yi innalillahi har ƙarshe, sannan ya zauna a ƙasa. Na ba shi labarin duka, da igiyar da ta tsinke, da gangarawar, da harbin. Ban rage komai ba, har shayin da ya huce.

"Ya yi wani laihi?"

"Bai yi ba."

"Wanda ya halbe shi ya san shi?"

"Tare suke cin abinci."

"Wa ya yi mai wanka?"

Na ce ba a rubuta ba. Ya tambayi wanda ya sa shi a rami, na ce shi ma ba a rubuta ba. Ya daɗe yana kallon shafin da na buɗe, duk da ba ya iya karanta ko baƙi ɗaya a ciki.

"An aika wa ubanshi?"

"Ba a sake ambaton uban ba, Baffa."

"To shina can shina jira ke nan."

Nan ne wurin da na tsara yin shiru, kuma na yi. Sai dai ban ji abin da na zaci zan ji ba. Tsoro ne ya kama ni, na ji kamar in tashi in bar masa babur ɗin in gudu da ƙafa. Shi ne ya katse shirun.

"Shi wanda ya rubuta, ya gani da idonshi, ya samu takarda da alƙalami, ya zauna ya cika wanga littahi duka, bai iya zuwa ya gaya wa tsoho ɗaya ba?"

Sai na rikice, na fara warware abin da na ƙulla da hannuna. Na ce Baffa ai tun farko na gaya maka, babu yaron, babu uban, mutum ne kawai ya zauna ya ƙaga, shi ya ga dama ya kashe shi. A karo na farko ya saurare ni a kan wannan batu. Ya ɗago ya dube ni sosai.

"Shi ya ga dama?"

"I."

"Da ya so, da ya bar shi ya koma gida?"

"Da ya so."

"To mi yaron ya yi mai?"

Na rufe littafin na mayar cikin jaka. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya ci gaba da tsintar 'ya'yan gawo. Ko ya yarda ƙage ne ko bai yarda ba, har ya bar duniya ban sani ba.

Bayan kwana uku babban ɗan ya zo har Safana. Ya ce tsohon ya sa an kira liman, an yi addu'a, an raba gumba sadaka, sun kuma je gaban alƙali, za a sayar da shanun yaron. Ya ce wani abin mamaki, a duk wannan hidimar tsohon bai buɗe baki ya ce yaron ya mutu ba. Cewa kawai ya yi a kira liman, sauran maganar liman ne da alƙali suka yi, shi yana zaune kansa a ƙasa. Ɗan ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, ya ce tsohon ya ce lallai in tsaya a bakin kara ranar kasuwa.

Dabarata ta ci, ba zan ɓoye ba. Hatsin da suka saya ya kai su damina, jikokin nan uku sun rayu, na ci tuwon auren biyu daga cikinsu. Duk wanda na ba wa labarin cewa yake na yi jihadi. Ni dai na san abin da na yi. Marubucin nan ya kashe yaro don ya koya wa mutane darasi, ni kuma na tsinci gawar da ya yar, na kai ta gaban wani tsoho don in sayar da shanu. Shi aƙalla yaron takarda ya kashe. Wanda na taɓa ni, shekara bakwai yana raye a gidan ubansa, ana ware masa garke, ana fara yi wa nasa allura. Da za a mayar da ni gindin gawon nan, ina jin zan sake buɗe littafin, kuma sanin haka ya fi komai gajiyar da ni.

Ranar kasuwar na tsaya inda aka ce in tsaya. Suka iso da hantsi, babban ɗan yana kora daga baya. Biyu sun kwanta a hanya, an bar su ga mahauta. Dattijon yana gaba, riƙe da igiyar wata farar saniya wadda sauran ke bi. Da ya zo bakin kara sai ya tsaya. Dillalai suka yo kansa, bai dube su ba, bai kuma dubi ɗansa ba. Ni ya miƙo wa igiyar.

"Likita, kai ka kawo labarin. Kai za ka shiga da ita."

Na ce ni ma'aikacin gwamnati ne, ba a yarda in sa hannu a ciniki ba. Bai janye hannunsa ba. Mutane sun fara tsayawa suna kallo. Na karɓa.

Saniyar ba ta yi gardama ba, ta biyo ni, sauran suka biyo ta. A kara ba a taya dabba sai an san mai ita, saboda gudun kayan sata, kuma duk dillalan nan sun san ni ba ni da ko akuya. Na farko da ya tare ni ya kama ƙahonta, ya yi mini tambayar da ake yi wa duk wanda ya shigo da igiya a hannu.

"Likita, wane ne mai ita?"

Sai a lokacin na gane abin da ya sa aka ba ni igiyar. Na waiwaya. Dattijon yana tsaye a bakin kara, inda zai iya jina, ya dogara da sandarsa yana jira.

Na ce, "Mai ita ya rasu."

Dillalin ya ce Allah ya jiƙansa, ya buɗe bakinta yana duba haƙora.